Ranar da Injiniya Gimba Ya Kai Idi Coci

Wa ya ba Gimba makulli? Tun da aka sauko daga Idin ƙaramar Sallar bana, ta 2007, babu shagon da ba a ba da labarin abin da Gimba ya aikata ba, daga Cheetham Hill ta Manchester har Lozells ta Birmingham, ana dariya ana riƙe ciki. Amma har yau ba wanda ya tsaya ya tambayi wanda ya miƙa masa makullin, balle a tambayi hannun da aka ɓamɓaro shi.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar Zumuntar Masu Jin Hausa tana da wurare ashirin da shida tsakanin Manchester da Birmingham: masallatai, shagunan kayan abinci, mahauta, da zauren coci guda na mutanen Jos. A kowane wuri akwai na'ura a ƙarƙashin kanta ko cikin kabad, wadda masana ke kira server. Aikinta biyu ne. Tana nuna sanarwa a allon da ke jikin taga, kuma duk lokacin da sanarwar ta canza, tana tura ta zuwa wayoyin mutanen wurin da sunan mai wurin. Dukansu suna karɓar umarni daga babbar na'ura guda, uwar garke, wadda ke ofishin ƙungiya a Cheetham Hill, a saman wani sito na masu sayar da barguna. Kowane minti goma sha biyar, kowace na'ura takan tambayi uwar garke wane rukuni take ciki da abin da ake so ta nuna, ta bi ba musu. Ko da mutum ya gyara ta da hannunsa, idan lokacin ya cika sai ta koma kan maganar uwa.

Zuweira ce ta gina wannan duka. Ta karanta ilimin kwamfuta a uni, wato jami'a, tana zaune da mahaifiyarta a wani flat a unguwar Aston ta Birmingham, kuma shekara biyu ta yi tana hawa bas da jirgin ƙasa don wannan aiki. Ba da gari ta raba na'urorin ba, da wata ta raba su. Kowa ya san a ƙasar nan Sallah ba ta zuwa rana ɗaya: wasu na bin sanarwar Saudiyya, wasu na jira sai an ga jinjirin wata a ƙasar da ke kusa, kuma masallaci biyu a layi ɗaya kan yi Idi a ranaku biyu su gaisa lafiya. Saboda haka ta yi rukunai uku, Makka da Jira da Coci. Ba a littafi ta samo wanda ke cikin kowanne ba. Zama ta yi da kowane liman da kowane mai shago, ta sha shayinsu, ta saurari hujjojinsu har ƙarshe.

Da aikin ya yi kyau, sai dattawa suka ga ya cancanci muƙami. Aka raɗa masa suna Shugaban Fasaha. Shugaban ƙungiya, Alhaji Abdul-Wahab, dattijon Kumasi mai sanyin murya, ya ce muƙami irin wannan yana bukatar mutum mai kwarjini wanda zai iya tsayawa gaban limamai. Aka duba ko'ina cikin ɗakin, aka tsallake wadda ke rubuta bayanin taron, aka sauke ido a kan Gimba.

Gimba yana da ɗan teburin gyaran waya a ƙofar wani shago a Cheetham Hill. Shi ya ba kansa sunan Injiniya, kuma ya riƙe shi da kyau. Waya uku yake ratayawa a ɗamara, biyu daga ciki na masu kawo gyara ne. Ya shaida wa dattawa cewa na'ura ashirin da shida wasan yara ne a wurinsa, domin a Kaduna ya taɓa riƙe ɗari uku shi kaɗai, yana cin gyaɗa. Ba wanda ya tambaye shi a ina. Aka ba shi riƙon ƙwarya zuwa Sallah: idan sanarwar wata ta fita daidai, muƙamin ya zama nasa, Zuweira ta koma kan rubutu da butar shayi.

Abu na farko da ya yi shi ne canza password ɗin uwar garke, wato makullin shigarta. Abu na biyu, ya buɗe jerin rukunai, ya kuma ji ransa ya ɓaci. Ya ga mahautar Maharazu ta Lozells a ƙarƙashin Makka, alhali duk maƙwabtanta suna ƙarƙashin Jira. Ya ga masallacin Malam Ubaidullah, wanda ke nan bayan ofis, a ƙarƙashin Jira, alhali layin gaba ɗaya Makka yake bi. A ganinsa wannan hargitsi ne irin na wanda bai san tsari ba. Ya sayo taswirar Ingila, ya manna a bango, ya ja jan layi a tsakiya. Duk abin da ke sama Manchester, duk abin da ke ƙasa Birmingham. Yawancin Manchester na bin Makka, to Manchester Makka ce. Yawancin Birmingham na jira, to Birmingham ta jira. Ya goge aikin shekara biyu kafin shayinsa ya huce, ya ja baya ya kalli allon, ya ji tausayin duniya da ta daɗe ba ta same shi ba.

Da ya ba Zuweira labarin wannan gyara a waya, don a yaba masa, sai ta tambaye shi inda ya sa Malam Ubaidullah.

"A Manchester mana. Ko ya tashi ne?"

"Yaya Gimba, Malam ba ya bin Makka. Kuma cocin fa?"

"Cocin a Manchester yake, ƙanwata. Ni na gan shi da idona, gini ne, ba ya motsi."

Ta ce masa na'ura ba ta san gari ba, abin da aka sa ta a ciki kawai ta sani, kuma gara ya gwada a kan guda ɗaya kafin ya saki umarni a kan ashirin da shida. Ya yi dariya mai taushi irin ta manya. Ya ce gwaji na masu shakka ne, kuma abin da ba a koyarwa a uni shi ne hangen nesa. Ya ba ta shawara ta taya Hajiya mahaifiyarta suyar Sallah, ya kashe wayar.

Ranar Alhamis, azumi ashirin da tara, Gimba ya mai da abin biki. Ya gayyaci dattawa su yi buɗa-bakin ƙarshe a ofis, su kuma shaida da idonsu yadda ake juya birane biyu da ɗan yatsa guda. Ya aro majigi ya haska allon kwamfutar a bango. Ya sa babbar riga a kan kwat. Aka shimfiɗa dabino da ƙosai da kunu a kan tebur tun la'asar, ƙamshi na azabtar da masu azumi.

Biyar saura kwata labari ya iso cewa Saudiyya ta sanar da ganin wata. Gimba ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya yi jawabi kan yadda ya tarar da tsarin a birkice ya kuma tsamo shi. Sannan ya tura wa Manchester: "Gobe Sallah. Idi ƙarfe tara a nan." Ya tura wa Birmingham: "Ba a ga wata ba tukuna. A shirya sahur." Ya ɗaga yatsan sama don kowa ya gan shi, ya sauke a kan maɓalli. Ƙarfe biyar daidai na'urori ashirin da shida suka tambayi uwarsu, suka yi biyayya. Dattawa suka yi kabbara a hankali.

Minti huɗu wannan nasara ta rayu.

Wanda ya fara hawo matakala Malam Ubaidullah ne, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana yi wa jama'arsa bayanin dalilin da ya sa ba ya sanar da wata sai an gani. Yana riƙe da waya nesa da jikinsa kamar ta yi wari. Ya yi sallama cikakkiya, ya gaida kowa da sunansa, sannan ya tambayi Alhaji ko akwai wanda ya leƙa taga. Aka leƙa. Rana na nan a sama, ba ta ko yi ja ba.

"To, Alhaji, wannan saƙon ya ce ni Ubaidullah na ce gobe Sallah. Ina so a gaya mini a ina na ga watan, tunda rana ba ta faɗi ba. Mutum ɗari biyu da wani abu suna tambayata, ni ma ina so in sani."

Gimba ya ce wannan ɗan tangarɗar network ne, abin da aka saba gani a manyan tsare-tsare. Bai rufe baki ba wayarsa ta farko ta yi ƙara. Maharazu ne daga Lozells, kuma ba a bukaci a sa shi a lasifika ba, duk ɗakin na jin sa. Ya ce tun safe yake yankan nama don masu Idin gobe, ya cika firji, ya cika tebur, sai ga tagarsa tana gaya wa duniya a shirya sahur. Mata uku sun iso ƙofa, sun karanta, sun juya. Ya tambaya ko Gimba ne zai zo ya cinye rago shida.

Ana cikin haka aka ji takun da ba na gaggawa ba a matakala. Mama Kaneng ce, mai kula da zauren cocin, da jakarta a hannu da gilashinta a kan hanci. Ta gaida dattawa, ta yi musu barka da shan ruwa tun kafin lokaci, ta nemi kujera ta zauna.

"Alhaji, na zo ne a kan shiri. Tagarmu ta ce gobe akwai Idi ƙarfe tara a wurinmu, kuma saƙon ya fita da sunan Fasto Gamaliel. Ba mu ƙi ba, maƙwabta ne. Ina so in sani kawai, mu kwashe benci ne, ko kuna zuwa da tabarminku?"

Wani dattijo ya yi tari ya juya fuska bango. Mama Kaneng ta ƙara da cewa Fasto yana wurin likita ana auna jininsa lokacin da saƙon ya shigo, kuma an ce ya dawo a sake awon.

Gimba ya ce kowa ya kwantar da hankali, injiniya na gari ba ya firgita. Ya ba Malam shawara ya koma masallaci ya goge sanarwar da hannu kafin a daidaita manyan al'amura. Malam ya sauka, ya je, ya goge, ya rubuta cewa ba a ga wata ba, na'urarsa ta tura wa jama'a wannan. Biyar da kwata ta cika, na'urar ta tambayi uwarta, uwar ta ce ke 'yar Manchester ce. Tagar ta koma gobe Sallah, wayoyi ɗari biyu suka sake yin ƙara. Malam ya sake hawo matakala, wannan karon bai gaida kowa da suna ba. Ya ce yanzu jama'arsa sun san cewa limaminsu ya ga wata, ya fasa gani, ya sake gani, duk cikin rubu'in awa, da rana tsaka.

Nan Gimba ya gano bakin zaren, ko kuwa haka ya sanar. Masu ƙorafi a Manchester suna son jira, masu ƙorafi a Birmingham suna son Sallah. Ashe saƙonnin ne suka yi musayar gari. Ya juya su: Manchester ta shirya sahur, Birmingham ta tafi Idi. Biyar da rabi umarni ya sauka.

Malam ya samu lafiya, Maharazu ya samu lafiya. Ban da coci, sauran wurare ashirin da uku, waɗanda ke zaune kalau tun farko, suka kama da wuta. Wayoyin ɗamarar Gimba uku suka ɗauki ƙara tare, har da biyun da aka kawo gyara don ba sa ƙara. Wayar Alhaji Abdul-Wahab ma ta yi, ya duba, ya ga masallacinsa na kansa, wanda ke bin Makka tun kafuwarsa, yana umartarsa da sunansa ya tashi sahur. Daga Aston wani liman ya aiko a tambaya wa ya ba shi Idi bai nema ba. Masu ɗinki suka fara kira, masu kitso suka fara kira, wani direban tasi da ya riga ya nemi hutun gobe ya ce yana hanya. Mama Kaneng ta duba tata wayar ta sanar, ba tare da ta ɗaga murya ba, cewa an ɗage Idin coci, yanzu Fasto yana kiran mabiyansa sahur.

Zufa ta jiƙa kwat, ta fara aiki a kan babbar riga. Gimba ya ce matsalar ita ce rarrabuwar kai, kuma fasaha ta zo ne don ta haɗa al'umma. Ya rushe rukunan biyu, ya yi guda ɗaya mai suna Kowa, ya zuba masa saƙonnin biyu a jere, kowa ya zaɓi nasa. Shida saura kwata, tagogi ashirin da shida a birane biyu suka faɗi magana ɗaya a karon farko a tarihin ƙungiya: "Gobe Sallah. Idi ƙarfe tara a nan. Ba a ga wata ba tukuna. A shirya sahur."

A lokacin matakala ta cika. Masu sito na ƙasa sun bar barguna sun hawo kallo. Direban tasin ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa yana karanta saƙon da ƙarfi, yana tambaya ko ana nufin ya ci sahur ne ya tafi Idi da azumi a baki. Majigin da aka aro don nuna nasara yana nan yana haska komai a bango, harafi kamar tafin hannu. Gimba ya ce wa taron akwai alamun an yi wa tsarin kutse daga waje, wataƙila daga Rasha.

Mama Kaneng ta cire gilashinta. Ta ce ita ba ta san Rasha ba, amma ta san yarinyar da ta zo zaurensu sau uku da littafi a hannu tana tambayar abin da suke so a nuna da abin da ba sa so. Ta tambayi Alhaji ko yarinyar ta rasu ne. Malam Ubaidullah ya ce shi ma ita ya sani. Alhaji ya dubi agogo, ya dubi dabino, ya ce a kira ta.

Aka sa wayar a lasifika a tsakiyar tebur. Ana jin mai na tafasa a bayanta. Ba ta tambayi abin da ya faru ba, domin wayar mahaifiyarta ta riga ta gaya mata sau uku. Ta ce kwamfutarta a buɗe take, abu ɗaya take bukata.

"Yaya Gimba, password."

Gimba ya ce wannan sirrin ofis ne, ba a faɗa a bainar jama'a. Alhaji ya ce a faɗa. Gimba ya sunkuya kan wayar ya yi raɗa. Zuweira ta ce ba ta ji ba, mai yana ƙara. Ya sake raɗawa. Mama Kaneng, wadda ta fi kowa kusa, ta ce bari ta taimaka, tunda ta saba karanta sanarwa a coci. Ta gyara zama, ta faɗa dalla-dalla yadda na kan matakala za su ji.

"Ya ce: Gimba ba ya kuskure. A haɗe, 'yata, ba tazara."

Ba a yi dariya nan take ba. Sai da direban tasin ya maimaita wa na ƙasa, sannan ta taso daga matakala ta shigo ɗakin.

A bango, kowa na kallo, rukunin Kowa ya ɓace. Makka ta dawo, Jira ta dawo, Coci ta dawo. Sunaye suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya, Maharazu a Makka, Malam Ubaidullah a Jira, har ashirin da shida. Gimba ya goge jerin, amma ba a cikin na'ura kaɗai yake ba, yana cikin kan Zuweira, ko littafi ba ta buɗe ba. Ta gwada a kan na'urar ofis ita kaɗai, ta ga daidai, sannan ta saki sauran. A ƙarƙashin kowace sanarwa ta ƙara layi guda, cewa saƙonnin da suka gabata kuskure ne daga ofishin ƙungiya, ba daga liman ko fasto ko mai shago ba. Shida da kwata na'urori suka tambayi uwarsu. Masu Makka suka ga Sallah, masu jira suka ga jira, tagar coci ta koma sanar da atisayen mawaƙa na ranar Asabar. Bayan minti biyar aka kira magariba. Zuweira ta ce a sha ruwa lafiya, cincin ɗinta na ƙonewa, ta kashe wayar.

Da aka ci dabino aka sha kunu, hankali ya dawo, tare da shi kuma tsohon hali. Alhaji Abdul-Wahab ya miƙe ya gode wa Allah da ya kawo ƙarshen fitina. Ya gode wa Malam da haƙuri, ya gode wa Mama Kaneng da zumunci. Ya gode wa Injiniya Gimba da ya tsaya a kan aikin har aka ga bayansa, bai gudu ba. Sai da ya zauna ya tuna, ya ɗan ɗago ya ce yarinyar nan ma ta taimaka. Gimba, da ƙosai a baki, ya gyaɗa kai ya ce dama shi ya koya mata ta riƙa haddace abubuwa.

Ranar Lahadi mai zuwa, ƙarfe biyu na rana, za a yi babban taro a wannan ofishi da ke saman siton barguna. Takardar taron ta riga ta fito. Batu na uku shi ne tabbatar da Gimba a matsayin Shugaban Fasaha, bisa hujjar cewa yanzu ya samu gogewa. Sunan Zuweira ma yana cikin takardar, a can ƙasa, wurin da aka rubuta mai ɗaukar bayani da mai kawo shayi.

Dokar ƙungiya ta ce duk mai katin zama ɗan ƙungiya yana da ƙuri'a, mace ko namiji, na masallaci ko na coci. Saboda haka ku da wayoyinku suka tura ku Idi da sahur a yammaci guda, kada ku goge saƙonnin. Na Birmingham, akwai motar da ke tashi da safe. Ku zo da katinku, ku zo da wayoyinku, ku hau matakalar nan. Idan aka iso batu na uku, ku miƙe ku faɗi sunan Zuweira da ƙarfi yadda za a ji a ƙasa, ku ɗaga hannu, kada ku sauke sai an mai da mata makullinta. Shayin kuma Gimba ya kawo.